Wata ashirin ina jiran takarda guda

Ni mai gyaran waya ne a Kano. Kamar kowane mai gyara, ina ɗan taɓa saye da sayarwa: wani ya kawo waya mai fasasshen gilashi ya ce kuɗi yake so, ka saya, ka canza mata sikirin, ka ɗora dubu uku ko biyar ka sayar. A watan Janairun 2020 wani saurayi ya kawo min wata Tecno, ya ce ta ƙanwarsa ce, kuɗin jarrabawa za a biya. Ba kwali, ba rasit. Na saya dubu 18. Ban tambayi sunansa ba, balle in ɗauki hotonsa ko lambarsa. Wannan gangancina ne, ba na ɗora shi a kan kowa.

Bayan kamar sati uku, wata Laraba da la'asar sakaliya, mutum uku cikin farin kaya suka tsaya a bakin teburina, tare da wanda na sayar wa wayar, hannunsa da ankwa. Ashe ƙwacen waya aka yi da daddare, har an sari mai ita a hannu. Sun bi lambar jikin wayar har suka kai ga mai riƙe da ita, shi kuma ya kawo su wurina. Na ce wa maƙwabcina ya rufe min durowa, yanzu zan dawo. Da gaske nake, har cajar wani kwastoma na bari a jone.

A caji ofis aka zaunar da ni a benci aka ce in faɗi abin da na sani. Na faɗa da Hausa, bai fi minti biyar ba. Ɗan sandan yana rubutawa da Turanci, ya cika shafi biyu. Ni kuwa karatuna allo ne da firamare da ɗan abin da ba a rasa ba na ƙaramar sakandare, Turancina na 'yan waya ne, na san sunan kowane ƙarfe a cikin waya amma ba zan iya bin rubutun hannun wani ba. Ya juyo da takardar ya ce in sa hannu.

Na ce, "Yallaɓai, da za a taimaka a karanta min."

Ya ce, "Kai da ka ce ba ka yi komai ba, tsoron me kake ji?"

Sai na ji kunya, kamar in na dage na zama mai laifi. Na sa hannu. Sai bayan shekara ɗaya da rabi na ji abin da ke cikin takardar nan: wai na san saurayin da ya kawo min wayar, wai mun saba harka da shi. Ban faɗi haka ba. Ban kuma ce da mugunta aka rubuta ba, wataƙila da na ce "muna sayen waya a hannun masu kawowa" shi ya juya ta yadda ya fahimta. Amma layi ɗaya ne ya raba mai sayen tsautsayi da ɗan ƙungiya, kuma a ɗakin nan ba wanda aikinsa ne ya duba min layin.

Kwana tara na yi a bayan kanta. A lokacin ban san tsarin mulkin 1999 ya ce in akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40 kwana ɗaya ya kamata a kai mutum gabanta ba. Ban san ina da ikon yin shiru har sai na ga lauya ba. Rashin sani ya fi dare duhu. A bangon ofishin akwai takarda manne da ke cewa beli kyauta ne, ita kaɗai ce dokar da na gani da idona.

Kawuna ya shiga ya fita. Ya je wurin wani lauya, aka ce a kawo dubu 150 kafin a buɗe baki. Mu da duk jarina bai kai haka ba. Sai wani mai yawo a harabar kotu, irin masu rataya jaka su ce sun san kowa, ya ce a ba shi dubu 40 zai kashe maganar tun ba ta je gaban alƙali ba. Matata ta sayar da keken ɗinkinta aka haɗa. Daga ranar da ya karɓa wayarsa ba ta sake shiga ba.

Ranar da aka kai mu kotun majistare mu goma sha ɗaya ne a mota. Ina so in tsaya a kan yaron da aka kira kafin ni, don har yau yana zuwa min a rai. Bai fi shekara 19 ba, ɗan ga-ruwa ne, an ce ya saci injin ban-ruwa a wani kango. A mota ya gaya mana cewa ɗauka aka ba shi ya kai wani gida a kura, aka biya shi ɗari biyu. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta takarda da Turanci, akawun kotu ya juya da Hausa cikin sauri, ya ce, "An ce an kama ka da injin nan a kurarka. Ka gane? Haka ne ko ba haka ba ne?"

Yaron ya ce, "Haka ne, amma…"

Ba a jira amman ba. An rubuta ya amsa laifinsa. Wata shida ko tarar da bai da ita. Duk abin bai kai tsawon sallar raka'a biyu ba. A layin gaba akwai lauyoyi huɗu zaune cikin baƙar kwat suna jiran nasu shari'un, ɗaya yana latsa waya. Ba na zarginsu, ba wanda ya ɗauke su don yaron. Amma da ɗayansu zai miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya amsa shi ne an ga inji a kurarsa, bai amsa sata ba," da labarin ya canza.

Sai ni. Haɗa baki, fashi da makami, karɓar kayan sata. Da na ji an ce fashi da makami sai da ƙafafuna suka saki, don ko yaro ya san hukuncinsa kisa ne. Majistaren ya ce kotunsa ba ta da hurumin sauraron wannan tuhuma, a kai ni gidan yari har sai shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a ta fito. Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana." Bai yi min tsawa ba, cikin sanyi ya ce ba yau ce ranar maganata ba. Ya tambaye ni ko ina da lauya. Na ce ba ni da shi. Ya rubuta wani abu, aka kira na gaba.

Wannan tambayar ita ta fi cina daga baya. An tambaya, na amsa, an rubuta, shi ke nan. Ba a ce ga inda ake samu ba, ba a ce wane ka duba shi ba.

Ga yadda ramin yake, ga wanda bai taɓa faɗawa ba. Majistare ba zai iya yi maka shari'ar fashi ba, sai Babbar Kotu. Babbar Kotu ba za ta gan ka ba sai ma'aikatar shari'a ta shigar da ƙara. Ma'aikatar ba za ta shigar ba sai ta karanta fayil ta ga akwai hujja. Fayil kuwa yana hannun 'yan sanda sai sun kwafa sun aika. Kai kana tsakiya, ba ka hannun kowa. Doka ta ce wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne ba a yi masa shari'a ba lauya, in ba shi da hali kotu ta nema masa. Gaskiya ne. To amma ni ba a fara min shari'ar ba, don haka wannan gatan bai iso kaina ba. Yana can yana jirana a ƙofar kotun da ba a kai ni ba.

Ba zan daɗe a kan zaman gidan yari ba, kowa ya ji labarin gabza da cunkoso da ƙaiƙayi, kuma duk abin da ka ji ka ƙara. Kwanciya a gefe guda, in za a juya sai an juya tare. Abin da mutanen waje ba su cika sani ba shi ne yawancin mutanen ciki ba a yanke musu hukunci ba. A faɗin Najeriya kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare masu jiran shari'a ne. A 2019 aka canza wa gidajen suna aka ce na gyaran hali ne, to wanda ba a tabbatar yana da laifi ba, wane hali za a gyara masa?

A ɗakinmu akwai wani dattijo manomi, kowa Baba yake ce masa. Rigimar gona ce ta kawo shi, an rasa rai a cikinta, aka kwashe duk mazan da aka samu a gida. Shekararsa huɗu a tsare a lokacin. Ya haddace hanyar kotu ta kunne har ana ce masa lauyan ɗaki. Daren farko da ya ga ina kuka ya matso ya ce, "Yaro, a gidan nan wanda aka yanke wa hukunci shi ne ɗan gata. Shi kullum kwanansa raguwa suke. Mu namu ƙaruwa suke." Yaron nan ɗan ga-ruwa a gabana ya gama wa'adinsa ya zo ya yi mana sallama. Shi da aka ce ya yi laifi ya tafi gida, ni da ba a ce komai ba ina nan. Shi ya sa za ka ji tsofaffin ciki suna ba sabon zuwa shawara, in ƙaramin laifi ne ya amsa kawai ko bai yi ba. Mummunar shawara ce, amma ba ta mahaukata ba ce.

Sai ga korona. Ƙarshen Maris 2020 aka dakatar da zaman kotuna, a Afrilu aka kulle Kano, aka hana ziyara. Wata da watanni ban ga fuskar kowa nawa ba. Da aka buɗe sai aka shiga ɗage-ɗage: yau ba man mota, gobe alƙali ya tafi taro, jibi a kai ka ka wuni a ɗakin ajiya a ce shawara ba ta fito ba, a sa wata rana. A 2021 kuma ma'aikatan kotuna suka tafi yajin aiki daga Afrilu har cikin Yuni, ƙofofi a garƙame sama da wata biyu. Na ƙirga, sau bakwai aka fita da ni cikin wata ashirin, kuma ban taɓa yin maganar da ta wuce amsa sunana ba.

Mahaifiyata takan zo in an bari. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ko a nan ma ba ta karya al'adar ba. Sai ta miƙo ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kwaki ta ce, "Kai wannan, kana dai sallah ko?" In ce ina yi, Umma. Ta ce to, Allah yana nan. Ba ta taɓa kuka a gabana ba, ƙanwata ce ta gaya min a bakin titi take zama ta yi kafin su hau mota.

Cikin watan Agustan 2021, wata safiya, gandiroba ya leƙo ya ce masu jiran shari'a da ba su da lauya su fito, 'yan Legal Aid sun zo. Ban taɓa jin sunan ba sai a bakin Baba. Hukumar ba da agajin shari'a ce ta gwamnatin tarayya. Mun fi mutum sittin da muka yi layi. Su biyu ne, wata Barista mai matsakaicin shekaru da wani matashin lauya ɗan bautar ƙasa, sun zauna a ƙarƙashin rumfa da babban littafi mai baƙin bango. Kowa minti biyar. Suna, kotu, lambar ƙara, ranar fita ta ƙarshe. Ban san lambar ƙarata ba, sai da ɗan bautar ƙasan ya je ofishin ajiyar takardu ya kwafo daga jikin waranti, wato takardar kotu da aka tsare ni da ita.

Ta saurare ni ba ta katse ni ba. A wata goma sha takwas ita ce ta farko da ta bari na kai ƙarshen labarina. Da na gama ta ce, "Malam, wanda aka sara ya taɓa nuna ka ya ce kana cikinsu?" Na ce ko ganinsa ban taɓa yi ba. Ta ja layi a ƙarƙashin sunana. Ta ce ba ta yi min alkawari ba, amma za ta nemo fayil ɗin.

Abin da ta yi, in ka ji, ba wani abin mamaki ba ne. Ta je rajistarar kotu ta duba. Ta je ma'aikatar shari'a, aka duba littafin shigowa, ba a taɓa kawo fayil mai sunana ba. Ta koma ofishin da aka kama ni, aka ce ɗan sandan da ya yi binciken an canza masa wurin aiki tun bara. Ta sa aka buɗe kabad, ga fayil ɗin nan a ƙasa, an ɗaure shi da zare, ba a kwafa ba balle a aika. Takardar da kotu ta yi shekara ɗaya da rabi tana cewa ana jira, ba wanda ya taɓa nemanta. Ɗan bautar ƙasan ne ya gaya min da kuɗin aljihunta ta yi hoton takardun, shafi talatin da wani abu.

A cikin fayil ɗin akwai bayanin mai wayar da kansa: samari biyu ne a babur, ya siffanta su, ba mai kama da ni. Ta rubuta wasiƙa ta haɗa, ta kuma shigar da neman beli a Babbar Kotu don kada a sake kwanciya a kai. Ba a ma kai ga sauraron belin ba shawara ta fito, ba hujjar da ta haɗa ni da fashi. A watan Oktoba majistare ya sallame ni. Zaman bai kai minti uku ba, kamar na farkon.

Na fito na tarar an ba wani teburina, kayan aikina an sayar an ci abinci. 'Yata da na bari tana wata huɗu tana gudu da ƙafarta, ta gan ni ta ɓuya a bayan uwarta. A unguwa wasu sun zo barka, wasu har yau in na wuce sai a yi ƙasa da murya. Kotu ta sallame ka, amma ba ta bin gida-gida ta faɗa.

Daga baya na riƙa zuwa ofishin Barista, da farko don godiya, daga baya don in kai sunayen waɗanda na baro, na Baba a sama. A nan na ɗan koyi abubuwa. Hukumar tun 1976 aka kafa ta, aka sabunta dokarta a 2011, kuma an yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Wato ta girme ni, ina cikin waɗanda aka yi ta dominsu, amma sai a kurkuku na ji sunanta. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce wanda ya kama ka ya gaya maka kana da damar samun lauya kyauta daga hukumar in ka cancanta. Ta ce ajiyar mutum a gidan yari don jiran shawara kwana 14 ce, in an sabunta ma duka-duka ba ta cika wata biyu ba sai a kira masu tsare ka su kawo dalili, in babu a sake ka. Ta ce majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata ya ga waɗanda ke tsare. Kano ma ta yi tata dokar a 2019, kafin a kama ni. Har da wani tsari na ajiye lauyoyin sa-kai su riƙa leƙa caji ofis, wanda hukumar da rundunar 'yan sanda suka amince da shi. Takardu dai ba a bar komai ba. Sai dai doka ba ta miƙewa tsaye ta yi magana a kotu, sai wani ya miƙe da ita.

Ni ba masani ba ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ganina taimakon nan ta ƙofar baya yake shigowa. Ana jira mutum ya ruɓe a ciki sannan a zo da littafi a tsamo ɗaya cikin sittin, ko a jira zagayen Babban Jojin jiha ya saki wasu. Alheri ne, ni shaida ne. Amma aikin da Barista ta yi wata biyu tana yi, da a ranar farko ne rabin awa ya isa. A ce kowace kotun majistare da safe akwai lauya ɗaya a benci wanda ba na kowa ba ne sai na marasa kowa. Kafin a kira ƙara ya shiga ɗakin ajiya ya ji ta bakin kowa, ya gaya wa irin ɗan ga-ruwan nan bambancin "an gan ni da shi" da "na sata", ya roƙi beli, ya rubuta lambar fayil da ranar da ajiya za ta ƙare, ranar ta zo ya tashi ya tuna wa kotu. Ba sai babban lauya ba. Bin fayil daga ofis zuwa ofis ma ba ya buƙatar lauya, ɗaliban shari'a na jami'a da mutanen gari da aka horar za su iya, dokar 2011 ta san da su.

Na kuma ga inda abin yake ciwo daga ɓangarensu. Ofis ɗaya a babban birni, lauyoyi 'yan ƙalilan, kotuna barjat har ƙananan hukumomi masu nisa, ba mota, wani lokaci ba kuɗin takarda. Ɗan bautar ƙasan da ya riƙe maganar Baba ya gama shekararsa ya koma garinsu, wanda ya gaje shi sai da ya faro daga tambayar suna. Duk wanda zai yi maganar gyara bai sa kuɗin mai da na hoton takarda a lissafi ba, hira yake. Gwamnati kuwa da ta ciyar da ni gabza wata ashirin, da ta biya hoton shafi talatin da ta huta.

Yanzu na koma sana'a a wata rumfa. Ina da littafi, duk wanda ya kawo waya sai na rubuta lambar katinsa na ɗauki hotonsa riƙe da wayar, wanda ya ƙi ya ƙara gaba. A bangon rumfar na rubuta lambar ofishin Barista da babban baƙi.

Watannin baya wata maƙwabciyarmu bazawara ta buga mana ƙofa bayan isha'i, an kama ɗanta, an ce batirin sola ya ɓace a shagon da yake aiki. Na kira, aka haɗa ni da wani matashin lauya, ya ce in zo in ɗauke shi don ba shi da abin hawa. Na ari babur muka tafi. Mun tarar an gama rubutu ana miƙa wa yaron biro. Lauyan ya yi sallama, ya nuna katinsa, ya ce cikin ladabi, "Yallaɓai, a karanta masa da Hausa tukuna." Ɗan sandan ya dube shi, ya dube ni, ya ja tsaki kaɗan, ya fara karantawa. A layi na shida yaron ya ce, "A'a, ni cewa na yi ni na rufe shagon, ban ce ni na buɗe ba." Aka soke, aka gyara, lauyan ya sa hannu a gefen gyaran. Washegari da hantsi kawun yaron ya tsaya masa aka ba da shi.

A hanyar dawowa daren nan mai ya ƙare mana wajen gada, muka tura babur ɗin har gidan mai, shi da baƙin takalminsa na kotu, yana tambayata nawa zan canza masa sikirin.